Kashi Na Tara

"Clinton ya ce ka tsallake kashi na tara," in ji Mama Hadassah, tana miƙa wa Ugochukwu wayar ɗanta.

Ugochukwu, mai tura fina-finai a kasuwar Sabon Tasha, ya duba. Haka ne kuwa, daga takwas sai goma. Duk Asabar tsohuwar nan take zuwa a zuba wa ɗanta fim ɗin Koriya, ta kawo masa sharhin yaron: wane ragon banza ne, wance sai ta ci amana. Bai taɓa kuskure ba.

"Mama, ya zo da kansa mana, in ga gwanin nan."

Ta yi murmushi, ta gyara gyalenta. Sai ga rigar da ke ciki, irin wadda ake bugawa ranar jana'iza, da hoton wani saurayi da sunansa: Clinton. Tun bara ya rasu.

Ugochukwu ya ɗago ya dube ta. "To, wa ke kallon fina-finan?"

"Ni ina na iya waya, ɗana? A kan gadonsa nake ajiyewa, in ja ƙofa."

Ta karɓi wayar, har ta kai bakin shago, sai ta juyo.

"Amma zan gaya masa ka ce ya zo. Clinton ba ya ƙin gayyata."