Cikon Arba'in

Tun da aka ɗaura wa matasa zaren awon lafiya a wuyan hannu, doka ɗaya ce: garin da ke da masu jan zare arba'in, wato marasa lafiya, shi ake bar wa asibiti. Tungar Marke na da arba'in cif, Suwaiba 'yar Hansai ce cikonsu.

Ana jibi ƙidayar masu jan zare, Hansai ta ga zaren yarinyar ya fara komawa kore, alamar samun sauƙi. Shekara biyu tana roƙon Allah wannan rana, amma sai ta tuna da dokar asibiti.

Da hantsi Gwaggo Tabawa, wadda jikarta ke da tsohon ciki, ta shigo dubiya.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Hansai.

Tsohuwar ta dubi hannun yarinyar. "Sauƙin baki, ko na gaske?"

Hansai ta ja hannun rigar 'yarta ta rufe zaren.

Bayan tsohuwar ta fita, Suwaiba ta dubi ƙwayar maganin da ke tafinta.

"Inna, in sha, ko in bari sai an gama ƙidaya?"

Moɗar ruwan na hannun Hansai, ta kasa miƙawa.