Hular Cikin Bututu

"Mama, injin nan ya mutu," in ji mai gyara. "Sai dai a fitar da shi."

"Mijina ne ya mutu, ɗan nan," ta ce. "Injin busar da kayana yana nan da ransa."

Wata uku ke nan da binne tsohon, kuma tun daga lokacin kaya ke fitowa a jiƙe, ɗakin yana ƙauri. A garinsu na Puerto Montt kuwa, inda ruwan sama ba ya hutu, wa ke shanya a igiya?

Ta jingina tsani a bayan gida, ta hau da shekarunta saba'in, mai gyara yana roƙonta ta sauko. Ta zura hannu cikin bututun da ke fitar da zafin injin waje, ta zaro hular ulu, duk ɓurɓushin zare.

Hular tsohon ce. Ashe da ita yake toshe bututun saboda iskar kudu mai sanyi, duk ranar wanki ya hau ya cire, bai taɓa faɗa mata ba.

Ta kakkaɓe hular, ta kafa a kanta.

"Kunna min injina," ta ce. "Daga yau ni ke hawa."