Saƙon da Ya Daina Dawowa

"Ɗana, kai ka hana saƙona dawowa?"

Mahaifiyar marigayi akawunmu ce tsaye a ƙofar ɗakin kwamfuta, waya a hannunta. Makon jiya na gaji da tarkacen imel da ke tururuwa zuwa adireshin ma'aikatan da muka rufe, sai na saita na'ura ta riƙa share su shiru, ta daina mayar wa masu aikowa.

"Mama, ai sanarwa ce kawai, cewa babu mai adireshin."

"Na sani, a cinyata ɗana ya cika. Amma duk na rubuta masa, wayata kan yi ƙara, in ga sunansa."

Na ja kujera, na warware gyaran.

"Rubuta masa, Mama."