Tsinken Awon Injiniya Lukmanu

Koren layin ya kwanta can ƙasa a fuskar na'urar, ko ɗagowar kirki bai yi ba. Injiniya Lukmanu ya cire tsinken awo daga jikin mota ta biyar, ya girgiza kai.

"Baba Maharazu, ita ma haka. Awon wuta sha huɗu ya kamata ta ba mu. Ko ɗaya da rabi ba ta kai ba."

Shekara goma sha tara Maharazu yana aikin wayarin a garejin ƙungiyar manoman rani da ke Kura. A wannan shekara ta 1986 kayan gyara sun yi ɓatan dabo, shi ya sa ya zauna ya sake naɗa wayar altaneta, injin cajin batir, ta motoci biyar. Ya bi su da jan fentin nan nasa da ba mai taɓawa sai shi. Kuma wai yau wani akwati mai fuskar talabijin, da ɗan shekara ashirin da biyar ke kira osiloskof, shi ne zai ce aikinsa na banza ne!

Abin takaicin, da ƙarfinsa ya zo. Shi ya riga kowa buɗe gareji, ya ƙara wa wayoyin fenti, ya gyara teburin gwaji, har yana ce wa direbobi yau akwatin Injiniya zai sha mamaki.

A waje kwandon tumatir sama da ɗari biyu na jere a rana, na ƙasa sun fara tsiyaya. Lukmanu ya ce ba zai saki motar da ba ta caji ta je ta mutu a hanya ba. Alhaji Ibrahimu, shugaban ƙungiya, wanda kwando arba'in a ciki nasa ne, ya kai wuya.

"Malam Maharazu, ido ya gaji, hannu ya gaji. Ka ajiye makulli, mu nemo wani."

Haba! Nan ran Maharazu ya ɓaci. Ya figo ƙwan fitilarsa mai waya biyu, ya jona a jikin motar, ƙwai ya kama tar. Lukmanu ya ce ƙwai ba awo ba ne. Maharazu ya yi jifa da ƙwan ya tarwatse. Ya kinkimo sabon batir fil daga sito, ya dire shi kan tebur har tebur ya amsa.

"To gwada wannan! In ka isa ka ce shi ma ni na naɗa shi!"

Lukmanu ya ɗora tsinken. Layin ya sake kwantawa can ƙasa. Sabon batir, ɗaya da 'yan kai. Gumi ya karyo wa Injiniya. Ya bi waya, ya bi maɓallai, sannan ya ɗago da murya ƙasa-ƙasa.

"Aikin Baba lafiya lau yake. Wani ne ya sa na'urar tana rage awo. Jiya ba haka na bar ta ba."

Idon Maharazu ya faɗa kan Muhammadu Sani, bakaniken da ya daɗe yana yi wa surukinsa na Bunkure kwaɗayin wannan aiki. Kafin a ankara ya ci kwalarsa, ya haɗa shi da bango.

"Munafuki! Azzalumi! Kai ka rage min aiki don a kore ni!"

Muhammadu Sani yana rantsuwa, direbobi suna ja, Maharazu ko gezau. Ya ce wallahi ba zai sake shi ba sai shugaba ya yi magana a gaban kowa. Tsufansa aka ci wa mutunci, ba zai karɓi haƙuri ba. Wanda ya yi wannan aika-aika yau zai bar garejin nan, ko ɗan uban waye, ko shekararsa nawa a ciki.

Alhaji Ibrahimu ya dubi tumatir, ya dubi tsohon da ya kusa kora a banza, kunya ta kama shi. Ya ɗaga hannu.

"Na yi alkawari, kowa shaida ne. Injiniya, nuna mana abin da aka taɓa."

Lukmanu ya ɗaga tsinken. A gefensa akwai wani ɗan maɓalli da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. In yana kan ɗaya, in ji shi, wuta na shiga na'ura yadda take. In aka tura shi kan goma, sai tsinken ya raba ta goma ya bar kashi ɗaya ya wuce, don kada wuta mai ƙarfi irin ta fulogi ta ƙona na'urar. Ya juya shi wajen hasken ƙofa don kowa ya gani.

Maɓallin na kan goma. A bisansa kuma ga shatin babban yatsa, ja wur, ko gama bushewa bai yi ba.

Hannun Maharazu ya zame daga kwalar Muhammadu Sani a hankali. Shi fa da sassafen nan, da ya ga ɗaya da goma a jikin tsinken, ya tura maɓallin ne don aikinsa ya fito da ƙarfi ninki goma.