Fayil ɗin da Baba Ba Ya Rufewa

Manhajar da yarinyar ta rubuta don jawo hotuna daga kwamfutar Babanta ta sake cijewa, karo na uku. Ga mutumin da ya zo karɓar hotunansa zaune a shagon Baba yana kaɗa ƙafa.

Ta bi sawun manhajar layi-layi. Ashe fayil ɗaya ne ya hana ruwa gudu, wai a buɗe yake.

Ta leƙa ɗakin gyaran hoto. "Baba, me ka bari a buɗe?"

Ya sosa ƙeya, ya matsa gefe. Hotonta ne a fuskar kwamfutar, tana 'yar shekara biyar, da giɓinta, riƙe da kyamararsa a juye.

Baba ya ce, "In rufe?"

"A'a, bar shi."

Ta koma ta ƙara layi guda: a tsallake wannan. Hotuna suka kwararo.