Baba Fasto Ya Fita Neman Kafinta

Ana tsakiyar waƙa ta biyu Baba Fasto ya waiga ya duba jama'a, ya ga babu kafinta. A bencin kafintan na baya, gefen taga, wata mata ce zaune da jaka a cinya. 

Baba ya san shi ya jawo. A gaban ikilisiya ya tsayar da kafinta saboda giya, ya wanke shi tas, ya hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, har wata shida. Mutumin ya ɗauki hularsa ya fita. To ga shi yau ranar jibi, an jera ƙoƙuna an lulluɓe da farin ƙyalle. Da wane baki zai ci? Shi da ya ƙware wajen ba da misalin makiyayin da ya bar tumaki tasa'in da tara ya bi guda, shi ne ya kori gudan da hannunsa.

Wani baƙon mai wa'azi ne a kan mumbari. Baba ya bar masa, ya sulale ta ƙofar gefe.

Shagon kafintan ba nisa, a wuce famfo ne a sha kwana dama. Ya yi ta tafiya bai ga famfo ba. Inda ya kamata ƙamshin katako ya tarye shi, sai ga kantin sayar da waya, gilashi har ƙasa. Ikon Allah! Ya koma baya, ya sake kwana, layin ya jefa shi wani layin.

Ya tare wata mai shanya a ƙofar gida. "'Yata, ina shagon kafinta?"

"Wane kafinta, Baba?"

Ya buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Mutumin da ya yi wa baftisma da hannunsa! Matar ta dubi silifas ɗinsa da ya tsinke, ta dubi fuskarsa, ta ce ko zai sha ruwa. Kunya ta kama shi, ya yi gaba.

Rana ta take. Ya zube a bakin kwalbati, bai san hanyar shago ba, bai san ta coci ba. Nan tsoho ya fashe da kuka ba ko ɓoyewa. "Ubangiji, ni dai na gaza. Wa'azin na iya, neman ban iya ba. Kai ka nemo shi."

Sai ga wani mai furfura a guje, yana haki. Bayansa mata mawaƙan coci da rigunansu, dattijai riƙe da takalma a hannu, har baƙon mai wa'azi, duk sun jiƙe da gumi. Mai furfurar ya durƙusa a gabansa.

Baba ya kama hannunsa kam. "Bawan Allah, ka taimake ni. Akwai wani kafinta da na kora daga coci. So nake in roƙe shi gafara kafin a raba jibi."

Mutumin ya share wa tsohon fuska da bakin rigarsa.

"Ni ne kafintan, Baba. Shekara ashirin ke nan da ka je shagona ka durƙusa, ka dawo da ni. Yau kai muka bar coci muka fito nema."