Mayyar Cikin Takardar Ƙosai

A cikin takardar aka naɗo mana ƙosai daga kasuwar Ajingi. Mai ya jiƙa ta, amma zanen bai ɓace ba: wata farar budurwa ce mai dogayen fiƙoƙi, da saurayinta mai gashi buzu-buzu da kunnuwan kare. Yana miƙa mata fure, wutsiyarsa ta leƙo ta bayan wando tana kaɗawa.

Na ruga na kai wa mahaifiyata, tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Inna ba ta yi boko ba, amma ta daɗe tana kallo.

"Wannan mai rikiɗa ne, kura yake zama," ta ce. "Ita kuwa dubi jini a kofinta. Mayya ce."

Na yi ta ƙyaƙyata dariyar wutsiyar nan, ita ma ta taya ni har ɗankwalinta ya zame. Can sai ta shafa fuskar budurwar da yatsa.

"Ashe a garinsu har mayya ana zuwa zance wurinta."

Ban gane ba a lokacin. Ban san me ya sa maƙwabta ke zuba wa kaji tuwonmu ba, ko me ya sa ake ɓoye jariri in Inna ta shiga barka.

Yau na haura arba'in, ina zaune a ɗakinta. Duk wanda ya fito neman aurena, da danginsa sun yi bincike a garinmu Kademi sai ya ɗauke ƙafa, wai na sha a nono. Ni ko mai wutsiyar ma ban samu ba.